Man Gyaɗa a Kan Alminiyam

Da ban shafa wa ƙarafan nan mai ba, da Alhaji yana nan da ransa? Na tambayi likita ta bakin 'yata, ya ce zuciya ce, dama ta gaji. Na tambayi liman, ya ce kwana ne ya ƙare. Ban musa musu ba. Amma ko yanzu da nake faɗa 'yar tawa tana rubutawa, tambayar ba ta bar ni ba.

Mijina ya yi shekaru yana fentin ƙarafa a nan ƙasar Turawa, a wani wurin aiki bayan titin Gate City Boulevard, har ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Da na zame a matakalar gidanmu na unguwar Glenwood na bugu a gwiwa, sai ya sayo sandunan alminiyam, ya ce zai yi mini abin dafawa. Kwana biyu yana garejin gida. Ya wanke su da sabulu, ya goge da samfefa, takardar nan mai kaushi, har ƙyallinsu ya dushe, ya jera su a kan jarida. Ba ya taɓa su sai da safar hannu. Na ɗauka tsabtarsa ce ta kullum.

Ranar Juma'a yana masallaci na leƙa, na gan su furu-furu. Mu a Kumasi ba a barin sabuwar tukunyar dalma haka, sai an shafe ta da mai. Na ɗauko man gyaɗa da tsumma, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina murna na taya shi aiki.

Da ya dawo ya daɗe tsaye a kansu.

"Hajiya, soya su za mu yi?"

"Gani na yi sun bushe."

"Bushewar nake nema! Wannan ƙarfen ko zufar yatsa ba ya so. Fenti ba zai kama ba, saɓulewa zai yi." Ya yi dariya har ta zama tari.

"Yi haƙuri, Alhaji. Bar shi sai gobe."

"Gobe ki sake faɗo mini? Wa zai ɗaga ki, ni?"

Ya ɗauko galan ɗin tina, ruwan tsinka fentin nan mai hawa kai, don ya cire man. Lokacin bazara ne, itatuwa suna zubar da ƙurarsu mai ruwan ɗorawa a kan komai, sai ya ja ƙofar gareji ya rufe kada ta sauka a kan aikin. Takunkuminsa yana rataye a ƙusa. Ya ce toshe masa numfashi yake yi.

Ina kicin warin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Ina jin gugar samfefa, can kuma gwangwanin feshi, fuu, fuu, da tari a tsakani. Sau biyu na je bakin ƙofa na dawo. Kunya ta hana ni magana, tunda ni na jawo. Na yi la'asar ban san abin da na karanta ba, kunnena yana gareji.

Sai na daina jin feshin. Na jira tarin, shi ma babu.

Na kira shi, shiru. Na tura ƙofa, wari ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Yana zaune a ƙasa jingine da bango, hularsa a gefe, leɓɓansa sun canza launi. Sandunan suna jere, an fesa musu fentin farko, ruwan toka. Ban san yadda na ɗaga babbar ƙofar garejin da wannan gwiwa ba. Ban iya karatu ba, a waya hoton 'yata nake dannawa. Ranar yatsana ya kasa samun fuskarta, ina dannawa ina salati.

Ita ta kira motar asibiti. Ya kai washegari a asibiti, amma tun da aka ɗauke shi bai ƙara magana ba. Daga baya surukina ya ƙarasa fentin ya kafa abin a matakala. Har yau bango nake dafawa in sauka. In na ji warin fenti a titi, sai in tsaya cak.

Kafin motar ta iso, na durƙusa kusa da shi, jiri ya kwashe ni, na miƙa hannu zan dafa ɗaya daga cikin sandunan. Ya buɗe ido da ƙyar, ya kama bakin mayafina.

"Hajiya, kar ki taɓa. Bai bushe ba."