Ƙyallen da Godelieve Ke Ɓoyewa a Hammata

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Godelieve Verbruggen ta rasu a wani asibiti a Antwerp, tana da shekara sittin da takwas. Lieve, kamar yadda muke kiranki, shekara ashirin ina tsayawa a gabanki kina gwada riguna a jikina, kuma ina rubuta wannan ne raina a ɓace.

Wannes, mai gidan ɗinkinmu, shi ke zana rigunan da ake tafa wa: kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, hannu uku, wuya a baya. Ke kike yanka su, ba ki kuma taɓa hana shi haukansa ba. Sharaɗinki ɗaya ne, duk wanda ya sa rigar ya iya zama, ya hau keke, ya ɗaga hannu ya rungumi mutum. Shi ya sa kike ɓoye ɗan ƙarin ƙyalle a hammatar riga don hannu ya samu sakewa. Ranar da ya ce ƙyallen yana ɓata masa tsari, kika cire allura daga bakinki kika ce, "Ranka ya daɗe, mutum za ka tufatar ko sandar rataye kaya? Je ka sha kofinka, ka bar mu mu yi aiki." Da nake da ciki ma, ke kika riƙa sassauta mini ɗinki a ɓoye har na haihu ban rasa aikina ba.

Kina kwantawa asibiti, Wannes ya sa aka daina saka ƙyallen. Ranar jana'izarki ya zaɓe mu, mu shida, mu ɗauki akwatinki, kowa cikin baƙin kwat ɗin da ya zana bana, ya kuma gayyato masu hoto har ƙofar coci. Tir da wannan hali. Muka sunkuya muka kama, hannu ya ƙi wuce ƙirji. Mijinki Staf yana dogare da sanda yana kallonmu. Wannes ya raɗa mini, "Annemie, a hankali mana, wannan kwat ɗin Paris za shi."

Na ɗaga hannu da ƙarfi, hammatar ta yage har na ƙarshen coci suka ji. Sauran biyar suka bi. Haka muka kai ki kabari a kafaɗa, sanyi yana shigar mu ta inda ƙyallenki ya kamata ya zauna.

Allah ya jiƙanki, Lieve, ya sa kin huta. Ya ba Staf da 'yarku Hilde haƙurin rashinki. Wannes kuwa Allah ya shirye shi. Kwat ɗinsa yana rataye a gidana, kuma ba zan ɗinke ba.