Ruwan Allon Yaya Sadiyatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Yaya Sadiyatu Gambo ta Gidan Dahala, ɗiyar wan babana. Mota ta kaɗe keken da ta hau za ta jami'a.

Yaya, ni ce Tani. Wata biyu ke nan da anka kawo ni daga ƙauye, kika ce katifarki ta ishe mu. Ke kika koya min riƙon biro, ba ki taɓa yi min dariya ba.

Na tambaye ki wane irin dokta za ki zama da ba ki da allura. Kika ce, "Doktan kwamfuta, ƙauyus! Kwantam sunan karatun." Wai lissafi da abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kika ce irin bayanin nan ba a iya kwafe shi, kuma ba ya ɓacewa, sai dai ya watse. Ban gane ba, na dai ce to.

Safiyar ranar da abin ya faru, bayan kin fita, na ga farin allonki na bango ya cika har gefe. Garinmu in allo ya cika wanke shi akan yi, a rubuta na gaba. Na ce bari in hutasshe ki. Na wanke shi tas, na matse tsumman cikin kwalba, don ruwan rubutu ba a zubar da shi ƙasa.

Ran sadakar uku malaminki, Farfesa Jalaluddeen, ya zo. Ya ce kin kira shi kina murna kin warware abin da ya tsaye miki shekara biyu, amsar na kan allo, ba ki kai ga ɗaukar hoto ba. Da ya ga allon fari fat sai ya zauna ƙasa. Na ce ni na wanke shi. Inna Delu, mahaifiyarki, ta ce, "Ƙaddara ce, ɗiyata." Da ma dukana ta yi.

Kwalbar na nan inda kike aje takalmi. Kullum in na shigo shara sai in ɗaga ta ga haske, ruwan baƙi-baƙi, ko harafi ɗaya ba ni gani. Ke kika ce ba ya ɓacewa, Yaya. To wa za ya tattaro shi?

Ki yafe min. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba Inna da Baba Gambo haƙuri. Kwalbar kuwa ba ni zubar da ita.