Ranar Da Na Ƙi Bin Umarnin Alhaji

Ni ɗan mahauta ne, haifaffen cikin garin Sakkwato, can bayan Hubbare. Ba zan rubuta sunana ba saboda ina da 'ya'ya a makaranta, amma duk abin da zan gaya muku, ƙannena samari, a kaina ya faru.

Mahaifina mutum ne mai tsanani. Da an sallame sallar asuba yake tasa ni gaba zuwa mayanka. Shi ya koya mini yanka da fiɗa, har mutane suka riƙa cewa hannuna ya fi na yayyena sauri. Amma ni abin da ke cin raina daban ne. Komai sai da izininsa, alhali abokaina suna yawo a kan babur, babu mai tambayarsu ina suka fito. A lokacin na ɗauka 'yanci shi ne ka rayu babu wanda zai ce maka zo ko tafi.

Da tsoka ɗaya na fara. Idan mai saye ya zaɓi namansa, wajen naɗewa sai in zame guda ƙarƙashin tebur, da yamma in kai wa wata mai tuwo. Da na ga ba a gane ba, sai na ƙara. Wata rana wata tsohuwa ta dawo da ƙunshinta ta buɗe a gaban mahaifina. Ya cika mata, ya ba ta haƙuri, sannan ya juyo kaina.

"Wanga hannu in bai iya riƙon amana ba, ba shi ƙara taɓa teburina," in ji shi.

Da na durƙusa na roƙe shi, da magana ta ƙare a nan. Sai na cire rigar aiki na jefar, na yi tafiyata.

A kara, kasuwar dabbobi, na haɗu da wani dillali da ake kira Alhaji Ɗanjumma. Yana da mutanen da ke sato masa shanu da tumaki daga ƙauyuka, yana neman mai hannun da zai yanka ya feɗe kafin masu dabba su biyo sawu. Ya kai ni wani kango a bayan gari, ya ba ni babur da sabuwar waya, ya dafa kafaɗata.

"Nan babu uba, babu maigida," ya ce. "Kai ad da kanka."

Na yarda da shi. Amma ku ji yadda mallakar kan nawa ta kasance. Duk inda nake, da wayar nan ta yi ƙara dole in tashi. Ranar ɗaurin auren ƙanwata ma ana cikin addu'a na sulale na fita. Ba ni da ikon tambayar dabbar wa nake yankawa. Idan na hango Bafillace da sanda a kasuwa sai in canza hanya. Na bar gidan da ake yi mini faɗa, na shiga inda ko tari ba na yi sai an yarda.

Da rana tsaka aka kama ni. Masu wata saniya sun biyo sawu tare da 'yan sanda, suka same ni da fatarta a hannu, ga shaidar mai ita a jiki. Daidai lokacin wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar kangon. Direban, Malam Buba, manomin albasa ne daga Kwalkwalawa da ke ɗan yin haya idan aikin gona ya yi sauƙi. A tasha aka ɗauke shi ranar, aka ce nama zai kai kasuwa. Bai taɓa ganina ba. Aka haɗa mu aka tafi da mu, daga baya aka kai mu gidan yari jiran shari'a, ɗaki ɗaya.

Ranar ziyara wani mutumin Alhaji ya zo, ya sassauta murya.

"Alhaji na gaishe ka. Lauya na nan, beli na nan. Abu guda ka yi: ka ce Buba yak kawo ma saniyar, kai ladan yanka kawai anka ba ka."

Na ce to. Bakina ya riga ya saba da cewa to.

Da na koma ɗaki na tarar da Malam Buba da kwanon furar da matarsa ta kawo. Bai sha ba, yana jirana.

"Taho mu sha, ƙanena," ya ce. "Albasata ta isa cira, in ba a cire ta ba ruɓewa za ta yi, kuma ita ce abincin gidana. Amma hankalina kwance yake. Kai ka san ban san komi ba, in alƙali ya tambaye ka ai kana hwaɗi."

Na kai ludayi baki, na mayar da shi cikin kwanon ban sha ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son fita. Har ranar da aka kai mu kotu ban yanke shawara ba. Ina tsaye da ankwa, na hango mutumin Alhaji a bencin baya yana gyaɗa mini kai. Alƙali ya nuna Malam Buba ya tambaye ni ko shi ya kawo saniyar. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah haya kawai aka ɗauke shi. Ni na yanka, na kuma san ta sata ce." Sannan na faɗi sunan wanda ya sa ni.

Mutumin Alhaji ya tashi ya fice. Ni kuwa sai na ji wani sauƙi a ƙirjina wanda rabona da shi tun ina yaro. Hannuwana a ɗaure suke, amma wannan ne karo na farko da na yi abin da ni na zaɓa, ba abin da tsoro ko kwaɗayi suka zaɓa mini ba. Har gobe ina alfahari da wannan tsayuwa.

An sallami Malam Buba. Alhaji ya tsallaka iyaka kafin a kai gare shi, ban sake jin labarinsa ba. Ni aka yanke mini shekaru, kuma na cancanta, don bayan kowace dabba da na yanka akwai gidan da na sa kuka.

Zaman kurkuku ba daɗi. Akwai zafi, akwai cunkoso, ga tuwon da sai ka rufe ido. Amma ina cikin watan farko aka ce ina da baƙo. Na fito na ga mahaifina, wanda tun da aka kama ni bai tako ba.

"An ce min ka hwaɗi gaskiya gaban alƙali," ya ce. "Shi yak kawo ni."

Bai ƙara komai ba sai addu'a. Na yi kuka a gaban gandirebobi, ban ji kunya ba.

Da na fito, mahauta ba su karɓe ni hannu biyu ba, ban kuma ga laifinsu ba. Na koma wankin kayan ciki kamar sabon shiga. Na je har rugar masu saniyar nan na nemi gafara. Dattijonsu ya yafe, ɗansa ya ƙi ba ni hannu, na haƙura. A hankali aka fara ba ni yanka. Yau ina da tukubar balangu a Minanata, ina da mata da 'ya'ya, kuma mutane suna aiko da saƙon nama ba tare da sun zo sun tsaya a kaina ba.

Kwanan baya wani ya zo mini da rago mai ƙiba, a farashin da ko akuya ba za ta samu ba. Na tambaye shi na wa ne, ya fara kame-kame. Na ce masa ba na so, ko murya ban ɗaga ba, na ci gaba da juya namana.

Ƙannena, wanda zai ce muku ku zo wurinsa babu mai takura muku, ku gwada ce masa a'a sau ɗaya ku ga fuskarsa. Idan ba ku isa ku faɗa ba, to ku bayinsa ne, ko da ya ba ku babur. Ku riƙe amana tun tana ƙarama, ku saurari faɗan iyayenku, ku koyi cewa a'a kuna waje. Ni sai da aka sa mini ankwa na koya.