Tokar da Ta Cinye Kwandunan Rikkos

Kwandunan shara biyu suka ƙone a unguwar Rikkos cikin mako ɗaya, aka ce ni na cinna musu wuta. Ranar da aka kira ni ofis a kan wannan magana har yau tana raina.

Ku da kuka shigo aikin daga baya, ga yadda yake a da. Mai kura yana bin gida gida da safe, ya yi sallama, a miƙo masa bokiti, ya juye, ya tura zuwa bakin titi inda mota take jira. Sama da shi akwai direba, sai sufabaiza, sai manaja wanda ba ma ganinsa. Ni mai kura ne. Ban yi makaranta ba, a kan kura na yi furfura.

Sai kamfani ya canza tsari. Ba sauran bin gidaje. Aka kawo manyan kwandunan roba masu taya da murfi, aka ajiye a bakin kowane layi, kowa ya kai shararsa da kansa. Aka sallami masu kura. Ni aka bar ni wata ɗaya in riƙa share gefen kwandunan, kafin a san yadda za a yi da ni.

Ranar da aka sauke su na ce wa sufabaizanmu, Oga Pam, "Oga, in sanyi ya shigo robar nan za ta ƙone."

Ya ce, "Baba Sale, daga waje aka kawo su. Kai dai yi shararka."

Sanyi ya shigo. Kwandon farko ya narke. Na biyu ya kama da wuta kusa da shagon Mama Nkechi mai sayar da kayan masarufi, har ya lashi rumfarta. Tun da kasuwar Terminus ta ƙone, ba a wasa da maganar wuta a Jos. Ita ta fi kowa ihu da sunana.

A ofis manaja ya ce, "Kai ka ce za su ƙone, ga shi sun ƙone. An sallami abokanka, ranka ya ɓaci. Gobe za mu miƙa ka ga 'yan sanda."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni safiya ɗaya. Ku zo ku tsaya da ni. In ban nuna muku mai cinna wutar ba, da ƙafata zan je caji ofis."

Washegari da hantsi suka zo, shi da Oga Pam. Na tsaya gaban sabon kwando. Duk wanda ya kawo bokiti sai in ɗora bayan hannuna a jikin bokitin, in ce zuba. Na farko sanyi. Na biyu sanyi. Manaja ya fara duba agogo. Sai ga Mama Nkechi da nata.

Na taɓa. Na ce, "Mama, ajiye shi ƙasa."

Ta ce, "Wane wahala kuma, Baba Sale? Ka ƙona mini rumfa, yanzu kana so ka bincika shara na?"

Na juye bokitin a kan kwali. Ɓawon dankalin da ke sama ya fara zubowa, sai toka, fara fat kamar ta mutu. Na tona da kara. Garwashi ja wur. Kwalin ya yi hayaƙi, ya kama.

Ta ɗora hannu a ka, ta kira Allah da yarensu. "Chineke! Ashe ni ne?"

Na ce, "Ke ce, da rabin layin nan."

Na yi musu bayani. Da sanyi kowane gida yana da kaskon gawayi. Da safe a share tokar cikin bokitin shara, a rufe da ɓawo. Wutar cikinta tana iya kaiwa azahar da ranta. Mu masu kura mun sani, shi ya sa muke taɓa bokiti kafin mu juye, mai zafi kuma mu zuba a garwar da muke ratayewa a gefen kura. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda, ba kuma wanda ya tambaye mu.

Oga Pam ya ɗora hannu a bokitin da ya biyo baya, ya janye da sauri. Ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Na ce, "Sayo duro."

A makon aka riƙa yanka duron ƙarfe gida biyu, ana ajiye rabi gefen kowane kwando, na toka kawai. Aka dawo da abokaina huɗu su riƙa tsayawa da safe. Mama Nkechi ta zama 'yar sandan toka, ba mai wuce shagonta da bokiti bai sha tambaya ba. Tun daga nan ko murfi bai sake narkewa ba.

Kwandon unguwa ba laifi gare shi, ya fi kura sauƙi. Amma shara ba iri ɗaya ba ce, kuma wanda ya ɗauke ta da hannunsa shi ya san halinta.

Yanzu ni ne shugaban masu kula da kwanduna daga Rikkos har Gada Biyu. Duk sabon ma'aikaci, kafin a ba shi safar hannu, wurina ake turo shi.