Uwar Sauro Ta Ajiye Aiki

Kowace safiya, kafin a share barandar ɗakin bincike na asibiti, ta riga ta sa farar riga ta shige wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu, mai ɗumi da laima. Mu muna shiga gidan sauro ne don mu guje masa. Ita kuwa nata gidajen sauron, da sauron a ciki suke, an jera su keji-keji a kan katako. Ta canja wa tsutsotsinsu ruwa, ta jiƙa auduga da ruwan sukari ta ɗora wa manyan. Sannan ta zauna gaban madubin likita da siraran allurai biyu, tana ciro jakar yawun sauro ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabciyarmu ce. Uwar Sauro muke ce mata, ba ta kuma taɓa jin haushi ba. Mijinta ma yakan ce, "Kowa matarsa kaji take kiwo, ni tawa abin da ke cizona take yi wa hidima."

Na taɓa tambayarta, "Yaya, yawun sauro kuma me za a yi da shi?"

Ta ce, "Ai in ya cije ka, ba ƙwayar zazzaɓin denge kaɗai yake zuba maka ba, har da yawunsa. Jikin kowa da yadda yake karɓar yawun nan. Likitocinmu suna son su gane ko a nan ne ake bambanta, wani ya yi zazzaɓi ya tashi, wani kuma abin ya kai shi bakin kabari. In babu yawun, da me za su gwada jinin?"

Daminar da denge ta cika asibiti, na'urar da ke ba ɗakin laima ta lalace, sauro suka fara zubewa. Mai shara ta shaida mini cewa ta ga Yaya tana jido ruwa a bokiti, tana jiƙa tawul tana lulluɓe kejin, in ya bushe ta sake, har mai gyara ya iso. Da sun mutu, da gwajin ya tsaya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

A makon ne denge ta kwantar da Autarmu a asibitin. Mun yarda aka sa jininta cikin binciken. Da zazzaɓin ya sauka, uwarta ta fara naɗe kaya, sai likita ta tare mu.

"Baba, ku ɗan dakata. Yadda jininta ya amsa wa yawun ya yi kama da na wasu yaran da ciwon ya tsananta musu. Ba mu da tabbas, bincike ne tukuna. Kuma denge takan juyo bayan zafin jiki ya sauka. Ku bar mana ita."

Muka zauna, ba da son ranmu ba. Washegari da hantsi yarinya ta fara murɗawar ciki, hannuwanta suka yi sanyi, jini ya ɓullo a dasashinta. Kafin in gama salati nas ta sa mata ƙarin ruwa. Da a gida muke, ban san abin da zan rubuta yau ba. Ranar da Auta ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa," sai uwarta ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya.

Na je yi wa Yaya godiya, ta ce, "Ni? Likita za ka gode wa. Ni sauro kawai nake kiwo."

Yaya, ke ce mai haƙurin da ba ya neman tafi. Ke ce kika ƙarar da hasken idonki a kan abin da mu tafin hannu muke kai masa. Yanzu allura ta fara rawa a hannunki, kin miƙa aikin ga matasan da kika koya wa, kin dawo gida. Binciken bai ƙare ba, amma Auta tana aji, har tana faɗa da yayyenta a kan wanke-wanke.

Mun gode, Allah ya saka, ya ƙara lafiya. Ku kuma da aikinku yake a bayan ƙofa, inda ba mai leƙowa, ku riƙe shi yadda ta riƙe nata. Akwai ɗan wani da ke kwance yana jiran ku, ko da ba za ku taɓa ganin fuskarsa ba.