Ranar da Suka Karya Fiffike

Ina tankaɗen gari a kicin, a flat ɗinmu na Dagenham, aka bugo waya. Wani Bature ne, abokin aikin maigidana. Ya ce Malam ya yanke jiki ya faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati, na ce na gode, na je na wanke hannuna.

Ba wannan ranar na fi tunawa ba. Na fi tuna wata Asabar, wata biyu kafin nan.

Aikinsa gwada ƙarfin jikin jirgin sama ne, a wani wurin bincike a bayan London. Ni kuwa tun jirgin da ya kawo ni na ce ni da jirgi har abada. Shekara tara ban ga Innata a Kano ba, ga shi ta tsufa. Ya yi lallashi har ya gaji, sai ya nemo izini ya kai ni in ga gwaji.

An ɗaure wani fiffiken jirgi da sarƙoƙi, injuna na jan sa sama a hankali, wani na karanta lambobi. Fiffiken ya yi ta lanƙwasa. Na damƙe mayafina ina addu'a kada ya karye, kada a kori Malam daga aiki. Can sai ya fashe da ƙara kamar aradu. Na fara kuka, sai na ji ana tafi.

Malam ya zo yana dariya har da hawaye.

"Uwargida, addu'ar me kike yi tun ɗazu?"

"Kada ya karye mana."

"Ashe ke kika hana mu tashi da wuri. Ai karyewar muke jira."

"Ku ɓata abu mai kyau kuna tafi? Malam, kuna da hankali kuwa?"

Ya ce sai da fiffiken ya ɗauki nauyin iska mafi tsanani, da ƙarin rabinsa, sannan ya karye. A jirgin ƙasa muna dawowa ya yi ta tsokanata wai addu'ata ta ƙara wa ƙarfe ƙarfi. Kafin mu sauka na ce ya yi mana booking ɗin jirgi zuwa Kano.

Na je na ga Inna bayan na fita takaba, ni kaɗai. Da ma Malam ya ce in muna sama zai nuna mini ta taga yadda fiffiken ke motsi. Kujerar bakin hanya na zauna, zuwa da dawowa. Har yanzu ban leƙa ba.