Makon da Na Gyara Labarina Har Ya Mutu

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta makon da na gyara rubutuna na farko da Turanci. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kafur, tsutsa ta cinye masarar Babanmu da ta maƙwabta. Wata mujallar noma ta ce in turo labarin kafin Juma'a, ni kuma na sa rai idan ya fito malaman gona za su leƙo mu kafin wata damina.

Rubutun bai ba ni wahala ba, gyaran ne ya kwance mini kai. Turanci yana da wasu kalmomi kamar 'yan biyu, irin su affect da effect, ko lose da loose, da ka zuba musu ido sai ka rasa wace ce wace. Na kai wa yayana a Malumfashi, ya zaro jan biro ya ce, "Ƙanwata, duk waɗannan a juye suke." A motar dawowa ina ta maimaita su a baki har wata tsohuwa ta tambaye ni ko lazimi nake yi.

Na juya su. Washegari shugabar makarantarmu ta duba ta ce, "Malama, wa ya ɓata miki aiki? Ai da can daidai ne." Na mayar. Wallahi har kalmar da na sani tun ina aji uku sai da na fara shakkarta.

Da kaina ya gama ɗaurewa, sai na ɓullo da dabara: duk jimlar da ke ɗauke da kalmar da nake shakka, in goge ta. Na tura ina ta murna.

Editan ya kira ni ya ce, "Malama, Turancinki ba kuskure ko ɗaya. Amma ina manomin? Ban ga abin bugawa ba."

Na sake karantawa. Wurin da Baba ya tsaya a tsakiyar gona yana ɓare masara ba ƙwaya, ashe na goge shi tare da sauran. Labarin bai fito ba. Da Baba ya tambaye ni yaushe malaman gona za su zo, sai na ce masa ba za su zo ba.

Yanzu in kalma ta rikita ni, ƙamus nake buɗewa, in bar rubutun ya kwana. Kuskuren kalma edita zai gyara, amma abin da ka goge don tsoro ba mai dawo maka da shi.